Daga Gobarau zuwa Kusugu a yini ɗaya: sharhi kan hidimar wasu masu jagoran yawon tarihi

A 'yan shekarun nan wasu matasa a birnin Katsina sun mayar da kai baƙi wuraren tarihi sana'a, suna haɗa mota da direba da mai bayani, mutum ya biya kuɗi a zagaya da shi. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi yake, da tsarinsu na yini ɗaya wanda ya haɗa tsohon birnin Katsina da garin Daura. Na ɗauki hidimar ne saboda ƙanwata da ke aure a Ingila ta zo hutu da 'ya'yanta, ta kuma nemi a nuna musu garin iyayensu da kyau, a bakin wanda ya san abin da yake faɗa. Hukuncina a taƙaice shi ne cewa rabin Katsina na wannan tafiya ya fi ƙarfin kuɗin da aka biya, rabin Daura kuwa bai kai abin da garin ya cancanta ba, kuma dalilin duka biyun yana cikin yadda aka tsara yinin.

Ta WhatsApp ake yin magana da su, kuma sun amsa da wuri. Sun faɗi abin da ke cikin kuɗin dalla-dalla, wato mota da mai, da ladan mai bayani, da kuɗin shiga inda ake biya, da ruwan sha, sannan suka ce abincin rana da abin da mutum zai ba masu kula da wurare na alheri yana wuyan baƙo. Na ji daɗin wannan, domin yawancin saɓanin da ake samu da masu hidima a ƙasar nan daga abin da ba a faɗa ba tun farko yake tasowa. An karɓi rabin kuɗi kafin ranar, sauran kuma bayan an dawo. Motar ƙaramar bas ce mai tsabta, na'urar sanyaya iska tana aiki, direban kuma dattijo ne mai natsuwa wanda bai yi ganganci ko sau ɗaya ba. Sun iso ƙofar gida da hantsi, a kan lokacin da aka yi alkawari.

Mai bayanin saurayi ne da ya karanta tarihi a jami'a, kuma abu na farko da ya burge ni shi ne bai fara da jera mana sunayen wurare ba. Ya tsayar da mu a Ƙofar Soro, a gaban Gidan Korau, wato fadar sarkin Katsina, ya ce mu dubi gari daga nan: ga fada, ga fili inda ake hawan salla, ga masallacin Juma'a, can ga hanyar da ke kai mutum kasuwa, can kuma unguwannin malamai. Ya bayyana cewa tsohon birni irin wannan ba a fahimtarsa gini-gini, sai an ga yadda sarauta da ilimi da fatauci suka jingina da juna, kuma duk abin da za mu gani a yinin yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin ukun nan. Wannan shimfiɗa ce ta riƙe tafiyar Katsina gaba ɗaya, har yaran ma, waɗanda Hausarsu ba ta nuna sosai ba, suna iya cewa wannan wuri na malamai ne, wancan na fatake ne.

A fada ya nuna ladabin da ya kamata. Tun kafin mu sauka ya gaya wa yaran su cire takalma inda aka ce a cire, su rage murya, kada su ɗaga waya su ɗauki hoton kowa sai an ba da izini. Ya gaida dogarai da fadawa gaisuwa irin ta wanda ya saba zuwa, yana cewa "Allah ya ja zamanin sarki", su ma suka karɓe mu da fara'a. Iyakar inda ake barin baƙo ya kai nan muka tsaya, kuma bai yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba. A nan ya ba da labarin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka sarkin Katsina Musulmi na farko, da yadda labarin baka ya ce ya kayar da Sanau, na ƙarshen sarakunan Durɓawa, da takobin nan Gajere wanda har yau yana cikin kayan sarautar Katsina. Daga nan ya gangaro zuwa jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu ya zama sarki wajen 1807, tsofaffin sarakunan kuma suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Ya rufe da hawan Muhammadu Dikko a 1906, wanda ya yi mulki har 1944, sannan Usman Nagogo zuwa 1981, Muhammadu Kabir Usman zuwa 2008, da mai martaba Abdulmumini Kabir Usman. Ya faɗi wannan duka ba tare da ya ɗaga wani gida ya kushe wani ba, abin da ba kowane ɗan gari ke iyawa ba idan ana maganar sarauta.

Hasumiyar Gobarau ita ce zuciyar tafiyar, kuma a nan ne na tabbatar cewa kuɗina bai tafi a banza ba. Ginin ƙasa ne mai tsawon kimanin mita 15, mai faɗi daga ƙasa yana tsukewa hawa-hawa zuwa sama, kuma shi ne abin da ya rage na wani babban masallaci da ya taɓa zama na Juma'a kuma cibiyar karatu. Na sha wucewa ta gabanta tun ina yaro kamar kowane Bakatsine, amma ban taɓa samun wanda ya sa na tsaya na dubi jikinta da kyau ba. Saurayin ya sa yaran suka ɗora tafin hannu a kan bango, ya nuna musu inda yaɓe ya ɗan zube har ana hango tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda magina ke jerawa su cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ya nuna musu kan azara da ke leƙowa, ya ce itacen giginya ne da ake tsagawa, wanda gara ba ta cika cin sa ba, shi ya sa magabata suka dogara da shi wajen rufi da ɗaure gini. Ya yi bayanin makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa a gauraya da ƙasa a shafe bango don ruwan sama ya riƙa zamewa. A jikin yaɓen akwai sawun yatsun magina, layi-layi a lanƙwashe, kuma ƙaramar 'yar ƙanwata ta daɗe tana bin sawun da nata yatsun tana gwada girman hannunta da na wanda ya yi aikin.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Babban ɗan ƙanwata ya tambaye shi shekarar da aka gina hasumiyar, sai ya amsa cewa al'ada tana danganta ta da zamanin Korau, amma masana ba su haɗu a kan shekarun Korau ba, wasu suna kai shi ƙarni na 14, wasu kuma ƙarni na 15. Ya ƙara da cewa ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da gyara, saboda haka abin da muke taɓawa an sha yaɓe shi an sha ɗaga shi, tsufansa yana cikin wurin da siffar da kuma rashin yankewar kulawa. Da ya zo kan labarin nan na malamin da aka ce ya nuna gabas da sandarsa har mutane suka hango Ka'aba lokacin da aka yi gardama kan alƙibla, ya ba da shi da daɗinsa da girmamawa, amma ya ce wannan labarin baka ne, kada a haɗa shi da abin da aka samu a rubuce. Abin da ke rubuce, in ji shi, shi ne cewa Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, ya zo ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 15 ya zauna a Kano da Katsina, kuma Imam Suyuɗi na Masar ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha wadda ta ambaci Ibrahim, sarkin Katsina na wancan zamani. Mai jagoran da zai iya raba waɗannan biyun a gaban baƙi, ba tare da ya raina labarin kakanni ba kuma ba tare da ya sayar da shi a matsayin hujja ba, ya san aikinsa. Na sha jin masu bayani a wurare dabam-dabam suna ƙara shekaru ɗari-ɗari a kan kowane gini don su burge baƙo, kuma hakan yana zubar da ƙimar abin da ake son ɗaukakawa.

Mun hau sama ta matakala mai ƙunci, kuma a nan zan gargaɗi duk mai ciwon gwiwa ko mai jin jiri ya tsaya a ƙasa. Daga sama ana ganin yadda rufin kwano ya mamaye inda da soraye ne, sai ɗaiɗaikun gidaje da suka rage da zankwaye a kusurwoyinsu da indararo a gefe. A can ne ƙanwata ta kawo maganar garuruwan da suka taɓa kai yaran a Ingila, irin waɗanda suka girma a kewayen babbar majami'a mai kujerar bishop. Ta ambaci Kantabari, inda Agustin ya sauka a shekarar 597 don yaɗa addinin Kirista, inda kuma aka kashe babban bishop Tomas Beket a cikin majami'ar a 1170, abin da ya mayar da garin wurin ziyara na ɗaruruwan shekaru. Ta ambaci Daram a arewacin ƙasar, wadda aka fara gina majami'arta a 1093 a kan tudun da kogi ya kusan kewaye shi, ga fadar bishop a gefe, yau kuma ga jami'a a cikin tsofaffin gine-ginen. Hukumar UNESCO ta sa Daram cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, Kantabari kuma a 1988. Abin da ta lura da shi shi ne cewa ƙirar garuruwan ɗaya ce da abin da muke kallo: wurin ibada a tsakiya, gidan mulki kusa da shi, makaranta a inuwarsa, kaburburan bayin Allah da ake ziyarta, kasuwa da masauƙan baƙi, sannan ganuwa da ƙofofi. Mai bayanin ya saurare ta da kyau, bai yi musu ba kuma bai ƙasƙantar da namu ba, sai ya ce bambancin da ya sani shi ne nasu na dutse ne, yana iya jure shekaru ba a taɓa shi ba, namu kuwa damina biyu ko uku na sakaci sun isa su fara cin sa, saboda haka gadon ƙasa ya fi bukatar hannun masu rai. Na ga wannan amsa ta yi daidai, kuma ta fi duk wani kirari da zai iya yi mana amfani.

Daga Gobarau muka bar mota muka taka da ƙafa cikin lunguna, kuma wannan shawara ce mai kyau daga masu shirya tafiyar, domin tsohon birni ba ya nuna kansa ta tagar mota. Mun bi ta unguwannin da sunayensu ke ɗauke da tarihin mazaunansu, irin su Masanawa da Gambarawa da Gafai da Albaba, yana gaya mana waɗanda aka sani da malanta da waɗanda aka sani da fataucin Sahara, lokacin da ayarin raƙuma ke sauke kaya a Katsina daga Agadas da Gat da Gadamas. A zauruka da dama har yanzu akwai malami a kan buzu da almajirai manya riƙe da littattafai, kuma duk inda muka wuce sai ya yi sallama ya ce "Allah ya gafarta malam" kafin mu ci gaba. Ya yi mana bayanin waliyyan Katsina da aka fi sani: Ɗan Takum, wanda asalinsa malami ne daga yamma da ya zauna a Katsina ya yi alƙalanci a farkon ƙarni na 16, Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667, ya bar rubuce-rubuce a fiƙihu da nahawu da yabon Annabi, da Ɗan Marina, malami kuma mawaƙin Larabci na ƙarni na 17, wanda maƙabartar da ke ɗauke da sunansa ita ce aka binne shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta a 2010. Ya kuma ambaci Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari wanda ya yi rubutu a kan hatimai na lissafi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaran sun yi mamakin jin cewa mutumin garinsu ya koyar a Masar kusan shekara ɗari uku da suka wuce, kuma na ga babban yana rubuta sunan a wayarsa. A maƙabarta mai bayanin ya tsaya daga inda ya dace, ya ce wanda ke son yin addu'a ya yi, bai sa baki cikin saɓanin da ke tsakanin malamai kan ziyara ba, kuma ya hana ɗaukar hoto.

Inda hidimar ta fara rauni shi ne kan ganuwa da ƙofofi. An zagaya da mu a mota ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Guga, ana nuna mana su da yatsa, ba a tsaya ba sai a wuri ɗaya, sauran kuma, wato Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa, ambatonsu kawai aka yi. Bayanin da ya yi a cikin motar mai kyau ne. Ya ce ta Ƙofar 'Yanɗaka Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo da sojojinsa a 1903, ya kuma kawo labarin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim ya iso Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya tarar mutanen da ke ciki ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba bayan yaƙe-yaƙe sun karkatar da fatauci zuwa Kano, amma duk da haka ya yaba Hausar Katsinawa da ladabinsu fiye da na sauran garuruwa. Sai dai irin wannan bayani yana bukatar mutum ya tsaya a gindin abin da ya rage na ganuwar, ya ga kaurinta, ya ga inda aka ɗebi ƙasarta aka yi gini da inda gidaje suka hau kanta. Wannan asara ce da ke ci mini rai a matsayina na ɗan gari, kuma baƙon da aka wuce da shi a guje ba zai san akwai abin da ake rasawa ba. Yawancin ƙofofin ma an sake gina su da siminti, kuma ya kamata mai bayani ya faɗi haka a fili a kowace ƙofa, kamar yadda ya yi gaskiya a Gobarau.

Tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ne na ƙasa, ta samu lokacin da ya dace da ita. An fara karatu a cikinta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A waɗannan azuzuwa na ƙasa ne Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Mai bayanin ya sa muka ɗaga kai muka dubi rufin, ya nuna yadda aka lanƙwasa azara aka yi bakan gizo don a samu ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, ya kuma sa muka lura da sanyin da ke ciki alhali rana ta take a waje. Ya haɗa kwalejin da abin da muka gani da safe, yana cewa ba a banza aka zaɓi Katsina ba, garin ya riga ya yi suna da karatu tun kafin zuwan boko. A nan ya ambaci marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan ƙasar Katsina, a matsayin wanda duk mai son zurfafa sanin tarihin masarautar zai nemi aikinsa.

Abincin rana a wani gidan abinci mai tsabta aka kai mu, muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe, yara suka sha fura da nono. An yi sallar azahar a masallacin da ke kusa. Ba ni da ƙorafi a nan, sai dai an ɗauki lokaci fiye da yadda tsarin yinin zai iya ɗauka.

Daura tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Katsina, kuma ba mu kama hanya ba sai da rana ta karkata. Tun a mota na gane cewa an cusa kwana biyu cikin ɗaya. Na tambaya ko za a ratsa Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, inda kaburburan sarakunan farko na Katsina suke, wurin da aka yi tono a 1907 da kuma 1992 aka samu kayan ƙarfe da na ado waɗanda wasunsu daga nesa ƙwarai suka zo, shaidar cewa ƙasar nan tana cikin harkar duniya tun kafin Korau. Mai bayanin ya ce, "Baba, wallahi ba ya cikin tsarin yau, in muka ratse ba za mu ga Kusugu da rana ba." Gaskiya ya faɗa, amma tafiyar da ta fara da labarin Sanau da Durɓawa bai kamata ta wuce kusa da makwancinsu ba tare da ta tsaya ba, kuma wannan gyara ne da ke wuyan masu tsara hidimar.

Mun isa Daura bayan la'asar, aka wuce da mu kai tsaye rijiyar Kusugu. Rijiyar tana cikin ɗaki da aka gina a kanta, an ɗaure bakinta, kuma mai kula da wurin ya ba yaran guga suka ja ruwa da kansu. Ruwan yana da sanyi da daɗi, kowa ya sha ya shafa a fuska, kuma ƙanwata ta cika 'yar gora za ta kai wa surukarta. Wannan ɗan lokaci ya yi armashi, ba zan rage masa komai ba. Amma bayanin da aka yi a nan ya sha bamban da na safe. Mai jagoranmu ya koma gefe ya bar labarin ya zo a haddace kamar karatun allo: Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya je ya sare kansa, Magajiya Daurama ta aure shi, ɗansu Bawo ya haifi waɗanda suka kafa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka zama Hausa Bakwai. Labarin gadonmu ne, kuma dole a ba da shi a wurin da ya fi kowane wuri cancantarsa. Abin da na rasa shi ne irin tsayuwar da aka yi a Gobarau, a ce wa yara wannan labarin asali ne da ke bayyana zumuncin garuruwan Hausa da sauyin mulki daga mata zuwa maza, kuma masana tarihi suna karanta shi ta fuskoki dabam-dabam. Da babban yaron ya tambaya a wace shekara Bayajidda ya zo, sai aka ce masa lokaci ya ƙure, a yi sauri a ga fada kafin magariba.

Fadar ma daga waje muka gan ta, aka ce mana takobin da ake dangantawa da Bayajidda yana ciki, muka yi hoto muka juya. Ba a ce komai ba game da jerin sarauniyoyin da suka mulki ƙasar tun daga ta farkonsu, Kufuru, ko Tsohon Birni inda aka ce nan ne mazauninsu kafin a dawo Daura ta yanzu. Ba a faɗi yadda Malam Isiyaku ya karɓi garin a jihadi wajen 1805 ba, da yadda tsohon gidan sarauta ya koma Zango da Ɓaure, har Turawa a farkon mulkinsu suka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura, abin da ya sa masarautar ta bambanta da mafi yawan masarautun Arewa. Ba a ambaci Sallar Gani ba, wadda ake yi a watan Mauludi kuma take cika garin da mahaya da baƙi. Na san saurayin ya san waɗannan abubuwa, domin da na taɓo su a hanyar dawowa ya yi magana mai ma'ana har muka shigo Katsina da dare, amma a lokacin yaran sun yi barci, kuma su aka yi tafiyar dominsu.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ya kamata su gyara. Ba su da ko takarda ɗaya da za su ba baƙo, mai ɗauke da taswirar birni da ƙofofinsa da jerin sarakuna da shekarunsu, alhali ƙanwata ta ce a garuruwan da ta ambata ko ƙaramar majami'a tana da irin wannan takarda a bakin ƙofa. Buga ta da Hausa da Turanci ba zai ci kuɗi mai yawa ba, kuma ita ce za ta bi baƙo gida. Ba su tanadi inda mata za su kama ruwa su yi alwala cikin natsuwa ba a tsakanin wurare, sai da muka roƙi wani gida a cikin gari. Babu akwatin magani a motar. Sannan ba su tambayi shekarun waɗanda za su zo ba tun farko, ga shi tafiyar ƙafa a cikin lunguna da hawan hasumiya ba na kowane dattijo ba ne.

Game da kuɗi, idan aka lissafa abin da mutum zai kashe ya yi shatar mota zuwa Daura ya dawo, abin da suka ɗora a kai na ladan bayani da shirya shiga wurare bai yi yawa ba, musamman ga iyali ko ƙungiyar da za ta raba kuɗin. Hidimar ta dace da 'yan makaranta, da 'yan asalin jihar da suka tashi a wasu wurare, da ma'aikatan da aka turo Katsina suke zaune a sababbin unguwanni ba su taɓa shiga cikin gari ba. Wanda zai ɗauke ta ya nemi a raba masa tafiyar biyu tun wajen ciniki, yini ɗaya na birnin Katsina tare da tsayawa a gindin ganuwa, yini na biyu kuma na Durɓi ta Kusheyi da Daura, a tashi da sassafe. Ya tambayi sunan mai bayanin da za a haɗa shi da shi ya kuma nemi wanda ya karanta tarihi, ya guji ranar Juma'a saboda cunkoson masallaci da rufe wasu wurare, kuma idan zai yiwu ya zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Janairu, domin zafin Afrilu da Mayu ba ya barin yara su yi tafiyar ƙafa a cikin gari. Na gaya wa shugaban ƙungiyar waɗannan abubuwa lokacin da nake cika musu sauran kuɗinsu, ya rubuta su a gabana, ya ce tsarin kwana biyu suna iya yin sa ga duk wanda ya nema tun kafin ranar tafiya.